Ɗaya Bisa Ashirin da Huɗu

Kwalin ya zo ne cikin dilar gwanjo,
tsakanin rigunan sanyi da wata 'yar tsana mai hannu ɗaya.
Chollom ya ɓoye mini shi ƙarƙashin teburinsa a Katako,
ya ce, "Baba bakanike, ga abokin rigimarka ya iso."
Na biya ban taya ba,
abin da ban taɓa yi wa kowa ba a garin Jos.

A gefen kwalin an rubuta: ɗaya bisa ashirin da huɗu.
Wato in ka jera irinta ashirin da huɗu, hanci a wutsiya,
za ka sami tsawon Fijon nan
da na yi shekara talatin da biyu ina kwanciya ƙarƙashinta
a garejin Farin Gada,
baƙin mai na ɗiga mini a gemu.

Yau ga injin a tafin hannuna,
bai kai ƙwallon dabino nauyi ba.
Kafireto kamar kan ashana.
Sitiyari, zoben jaririya ma ya fi shi faɗi.
Ni da na saba dukan sifana da guduma,
yanzu da hantsaki nake ɗauka,
ina riƙe numfashi kada fitila ta tashi sama.

Sanyin Filato ba ya barin gam ya kama.
Sai in hura masa iskar baki
kamar mai lallashin garwashi da asuba.
Fenti kuwa sai ya kwana biyu yana shawara.

Tasalla ta leƙo, ta riƙe haɓa:
"Tsofai-tsofai da kai!
Kabad ɗin tangarana ka mayar tasha."
Ba ta yi ƙarya ba. Goma sha bakwai ne a jere:
Landirobar masu haƙar kuza,
Marsandi baƙa, Bosuwaja mai doron kunkuru,
da wata ja mara rufi da ban san sunanta ba.
Tashar da ba ɗan kamasho,
ba mai rantsuwa zai kawo ciko ran Juma'a.

Daren Talata na juye kwalin,
na kaɗa, na sake kaɗawa.
Taya uku.
Na daga tabarma, na share ƙarƙashin gado,
na zazzage aljihun rigar da ban sa ba tun bara.
Uku dai.
Ta huɗun tana can wata ƙasa,
wataƙila a bayan kujerar wani yaro
da ya girma ya manta.

Na zauna shiru har shayina ya huce.
Sai Unguwar Rogo ta dawo mini:
mu biyar, ƙafa ba takalmi,
gwangwanin madara, waya, ƙusa, dutsen daka,
muna yanka taya daga mataccen silifa,
ba kwali, ba takarda, ba wanda ya ce ga lamba.

Da safe na nemi silifan Zinatu wanda ya tsinke.
Reza, haƙuri, ɗan baƙin fenti.
Tayar ta fito, amma ta ɗara 'yan uwanta kaɗan,
motar ta karkata hagu.

Na daɗe ina kallonta.
Haka waccan Fijon take tsayawa,
duk sifirin da na canza mata, sai ta jingina hagu,
kamar mai sauraron gulma.
Cikin duka tashar, ita kaɗai na sani.

Zinatu ta dawo makaranta, ta miƙa hannu.
Ba na bari a taɓa. Na bari.
Ta gara ta kan siminti, tana rurin inji da leɓe.
Kunnena ya karkata da kansa, sabo ba ya ritaya.
Na ce, "Ɗan ƙara wuta in ji.
Fulogi ɗaya ba ya ci."