Lamba Sha Bakwai, Surabaya

Manhaja ɗaya ce, in ji jikanta Tegar,
ita za ta kira babur, ita za ta kawo miya,
ta riƙe miki kuɗi, ta sayo maganin hawan jini.
Ningrum ta goge tabarau da gefen zani,
ta ga shafi arba'in na ƙananan haruffa,
ta danna "Na yarda" kamar mai korar ƙuda.

Ran Talata ruwa ya ɓalle a Surabaya.
Kuɗin magani sun fita tun azahar,
magani kuwa ko ƙeyarsa.
Ta kira kamfani, murya mai sanyi ta ce,
mu masu haɗa ku ne kawai, Uwa, tambayi kanti.
Kanti ya ce, mun miƙa wa ɗan babur.
Ɗan babur, wayarsa a kashe.
Wajen karɓar kuɗi baki ɗaya suka buɗe,
wajen neman haƙƙi sai suka zama uku,
kowa yana nuna ɗan'uwansa da leɓe.

Ta ce wa Tegar, karanto min takardar nan,
duka, har inda na tsallake.
Shafi na tara: in kaya bai iso ba,
wanda ya karɓi kuɗi shi zai mayar,
cikin kwana uku, ba sai an roƙa ba.
Ta daki cinya, ta ce, ashe a rubuce yake!
A shafi na sha ɗaya Tegar ya rage murya:
mai saye ya tabbatar da adireshinsa.

Shiru.
Lamba sha bakwai ta sa, gidan da ta bari
shekarar da Wiryo ya rasu.
Ita ta ƙaura, yatsanta bai ƙaura ba.

Bayan isha aka ƙwanƙwasa.
Sugeng ne, ɗan babur, jiƙe sharkaf,
ledar magani a cikin rigarsa, a bushe.
Gida shida ya tambaya, batirinsa ya mutu a na biyu.
Ta ba shi tawul da shayi mai citta,
ta gyara lambar a kan idonsa.

Da safe duk da haka ta rubuta wa kamfanin:
kuskuren adireshi nawa ne, na ɗauka.
Amma awa biyar kuna jefa ni hannu zuwa hannu,
ba wanda ya ce, bari in duba.
Wannan naku ne.
Ina jiran amsa.