Kunnen Bakanike

Asabar ce a Braga, an kwana ana ruwa,
filin baje kolin babura bai gama tsanewa ba.
Hayaƙin gasasshen kifi ya cakuɗe da na salansa,
tutoci sun jiƙe, sun ƙi kaɗawa.
Jikata Benedita ta ja hannun rigata:
"Kaka, sa hannu a takardar nan, layi na tafiya."

Shekara arba'in da ɗaya ina sauraron inji.
Likita na da abin maƙalawa a kunne,
ni kunnen kawai gare ni.
Babur ya shigo garejina yana tari,
kafin mai shi ya tuɓe hular kwano
na san fulogi ne ko kabureta,
na san zai yi mini ƙarya
kan ranar da ya sake baƙin mai.

Na fara da na fetur, ja wur, mai silinda biyu.
Na danna, ya yi gurnani,
cinyoyina suka gane shi tun kafin kaina.
Kuloci, giyar farko, ƙas!
Mu takwas a bayan jagora, kamar 'ya'yan agwagwa,
muka haura tudu ta gefen gonar inabi.
A giya ta uku na ji wani ɗan kaf-kaf a ƙasa:
sarƙa ce ta saki.
Na yi murmushi a cikin hula.
Sabo fil, ko ƙura bai sha ba,
har ya san wurin wanda zai kai kukansa.

Sai na lantarki.
Wani saurayi, an rubuta Telmo a ƙirjinsa,
ya ce, "Yallaɓai, a kunne yake."
Na ce, "A kunnen wa?"
Bai yi dariya ba. Ya nuna mini koriyar fitila.

Hannun hagu ya laluba kuloci, ya damƙo iska.
Ƙafa ta nemi giya, ta tarar wayam.
Na murɗa totur, ɗan ƙiris,
rumfunan suka koma baya ko sallama babu,
cikina ya tsaya a layi, ni na yi gaba.

Tudun ɗazu ne, gonar inabin ɗazu,
amma yanzu ina jin taya na tsotsar ruwan kwalta,
ƙararrawar coci na tasowa daga kwari,
kare na haushi a bayan katanga,
wata mata na ƙwala wa Abílio kira, abinci zai huce.
Sai wani sauti can ƙasa-ƙasa, yana rawa.
Na sassauta, na karkata kai yadda na saba.
Ba burki ba ne. Ba taya ba.
Na ƙara kasa kunne.

Ni ne.
Gunaguni nake yi da waƙar da Graciete ke rerawa in tana shanya.
Bana shekara shida da muka kai ta makwancinta.
Ashe duk hanyar da na bi tun daga ranar
waƙar na bakina,
inji ne ke rufa mini asiri.

Na dawo, na kafe babur.
Telmo ya miƙo takarda da biro: wanne ya fi?
Gurbi biyu, a zaɓi ɗaya.
Benedita na leƙe ta kafaɗata,
na san wanda ta riga ta saya a zuciyarta.
Na rubuta a gefe: jan nan, a ɗaure masa sarƙa.
Ɗayan kuwa na daɗe ina juya biro,
ban san abin da zan gyara masa ba.

"Kaka, idonka ya kaɗa."
Na ce iska ce, gilashin hular bai rufu ba.

Muka sayi kifi biyu da burodi,
muka zauna a kan damin ciyawa a bakin hanyar gwaji.
Masu gurnani na wucewa, masu shiru na wucewa.
Tana ci, tana lissafin awa nawa caji ke ɗauka,
ni kuwa hannuna na hagu a kan gwiwa
yana ta matse abin da babu.