Sandar Awo

Sandar da suka ba ni ba ta duka ba ce.
Sau uku na faɗa wa 'yan aji huɗu,
ba wanda ya yarda.
Doguwa ce, an yi mata zane hawa-hawa,
ka jingina da ita, ta faɗi ƙwaya nawa za ka haɗiya.

Tasi'u, biyu.
Sahura, biyu da rabi.
Ɗan autan Sarkin Pawa ya yi ɗage don a ƙara masa,
na danna kansa ƙasa, aji ya fashe da dariya.
A gindin darbejiya Iya Lantana na raba kunun tsamiya,
ludayi biyu kowa,
don an ce farar ƙwayar nan ba ta shiri da yunwa.

Ni ma ruwan Daberam ne ya raine ni.
Ranar da na fara ganin ja a ƙarshen fitsari,
ɗigo uku bisa yashi,
kawuna ya dafa kaina ya ce, "Ka zama namiji."
Na yini ina taƙama.
Shekara bakwai ina zubar da jinina a bayan danga
ina ce masa girma.
Ɗan'azumi, da muke kamun tarwaɗa tare,
nasa girman ciki ya kumbura masa.
Har aka kai shi Daura a amalanke
ba wanda ya ambaci tsargiya.

Kafin azahar jiri ya kwantar da mutum shida.
Sahura ta mayar da kunun duka bisa takalmina.
Labari ya riga ni isa gari.
Sai ga Malam Hambali, ko hula bai tsaya ɗauka ba:
"Yaron da ya zo da ƙafarsa, ka mayar min da shi a goye?
Yaushe gwamnati ta fara ba da abu ba a roƙa ba?"
Ban da amsar tambayarsa ta biyu.
Na dai jingina da sandar a gabansa,
ta ce huɗu, na haɗiye huɗu.
Ɗaci har ƙeya.
Ya dube ni, ya dube ni,
ya ja 'ya'yansa uku suka tafi.

Bara da na ce, "Wa ke ganin jini?"
hannu talatin da ɗaya ya tashi,
wasu har da murmushi.
Bana tara,
uku daga gida ɗaya.
Tasi'u ya daina barci bisa benci,
na ja fatar idonsa, ja ya komo inda ya dace da shi.
Yanzu surutu ya ishe ni,
shi ma na rubuta shi cikin riba.

Sai dai ruwa bai sha magani ba.
Dodon koɗi na nan maƙale da ciyawar gaɓa,
ba ya zuwa makaranta, ba ya cikin rajista.
Famfon unguwa ya shekara biyu da mutuwa,
wanki kuwa ba ya jiran kwamiti.

Ran Juma'a, ina dawowa da keke, rana tsaka,
na hango su su goma sha,
riguna a tule bisa dutse,
suna alkafura cikin ruwan kamar 'yan kwaɗi.
Na buɗe baki zan yi tsawa.
Zufa ta gangaro min ido,
na tuna sanyin ruwan nan a ƙirjin ɗan shekara tara.
Na dai kira Tasi'u da ƙarfi.
Ya nutse.

Sandar na bayan ƙofar ofis, tare da tsintsiya.
Jiya na kama shi yana gwada kansa a ɓoye.
Ya ce, "Malam, baɗi uku zan sha."
Na ce, Allah ya sa su zo.