Mai Ƙidaya a Arewacin Tawa

A Tawa aka ba ni takarda mai gida huɗu:
maza, mata, yara, bisashe.
Aka ce, "Assumana, tafi ka ƙirgo muna
waɗanda suka koma."

Taswirar ofis ta ce ƙasar shimfiɗe take.
Sawuna ya ƙaryata ta.
Fako ne mai jan dutse, mai cin takalmi,
sai kwari ya buɗe baki ba sallama,
gawo tsaye a ciki kamar mai bin bashi.
Daga nan gero ke fara ja da baya,
aduwa da anza su karɓi ƙasa
har Azawak.

Tsohon littafi ya ce Tungar Nomau
gida ɗari biyu da sha ɗaya ce.
Na hau tudu da asuba, na ƙirga hayaƙi:
sittin da uku.

Tsahara ta ce in rubuta mutum bakwai.
Biyar na gani bisa tabarma.
"Guda na Abijan, yana aiko da kuɗin hatsi.
Guda ya fita da awaki
ranar da babura suka zo.
Ba mu ga gawa ba. Rubuta."
Takardata ba ta da gidan wanda ake jira.
Na sa bakwai.
In an tambaye ni a Yamai, ni zan amsa.

Rijiya gaba talatin, an cika ta da ƙasa da mushe.
Yau kwana tara ana yasa.
Sahabi na ciki, Agali na baki,
Juli na kora raƙumin da ke jan guga.
Biyu cikinsu ba su gaisawa tukuna,
kowa na da sunan da ya haɗiye.
Amma igiyar guda ce,
kuma mai sakinta ya kashe na ƙasa.

A lakwal, kwanon rufi duk huda.
Rana na zubo ɗigo-ɗigo bisa ƙasa,
malam Illa ba shi da alli,
da su yake koyar da lissafi.
Wata yarinya ta ce goma sha takwas ne.
Ba ta tambayi wa ya huda ba. Ta sani.

Kasuwar Laraba rumfa tara ta ci:
gishiri, cuku, albasar Galmi,
da mai gyaran rediyo da ba ya karɓar kuɗi
sai kaka.

Na haɗa jimilla, na ɗaure jaka,
ina jiran motar da ke zuwa in ta ga dama.
Sai ga amalanken jaki daga kudu,
tsoho a gaba, tukwane, kaza a kwando,
da ƙyauren ƙarfe ɗaure da igiya,
wanda suka ciro suka gudu da shi
shekara uku ke nan,
kwaɗonsa a rufe har yanzu.

Tsohon ya ce, "Kai ne mai rubutu?"
Na lashi yatsa,
na sake buɗe takarda.