Haƙoran Mota

Shekara huɗu ina zubi a adashin ma'aikatan asibiti.
Ranar da kwasa ta faɗo kaina
ban sayi zane ba, ban sayi ɗan kunne ba.
Na ce mota, ƴar ƙarama, mai ƙofar baya da ake ɗagawa,
wadda za ta kai ni Badagishiri cikin dare
in an buga waya an ce haihuwa ta zo da gardama.

Na tafi da mutum biyu:
Arzika makanisiye, da tsummansa a aljihu,
da Kawu Nomau, wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba
amma shekara talatin yana dillancin dabbobi a kasuwar Tawa.

Asumana mai lokaziyo ya tarbe mu da shayi.
Ya ce shekaranjiya ta iso daga Kwatano,
wata tsohuwar Baturiya ce mai ita,
cefane kawai take zuwa da ita, ta dawo.
Kawu ya ce: duk raƙumin da na taɓa saidawa,
shi ma na wata tsohuwa ne.

Ja ce, jan tattasai da ya wuni a rana.
Agogon tafiya na cewa dubu tamanin da ƴan kai.
Arzika ya buɗe gaba, ya zaro ƙarfen mai,
ya murza a yatsu, ya shinshina,
ya shige ƙarƙashi har tafin ƙafarsa kaɗai muke gani.
A tada. A kashe. A sake tadawa.
Ya fito yana kakkaɓe riga:
injin bai yi ƙarya ba, sauran ban rantse ba.

Kawu ko injin bai duba ba.
Ya ce ina haƙoranta?
Muka yi dariya, shi bai yi ba.
Ya sunkuya inda direba ke sa ƙafa,
ya shafa robar birki, ta siɗe kamar dutsen niƙa,
ya danna kujera, ta lotsa, ta ƙi tasowa.
Ga su nan, in ji shi.
Ta ci hanya ninki uku na abin da agogo ya faɗa.
An rage mata shekaru, an manta da bakinta.

Asumana ya tsiyaya shayi na biyu, bai tanka ba.

Muka ɗauki hanyar Kalfu, muka sauka daga kwalta.
Ramin farko ta yi ƙara a ƙafar hagu,
Arzika ya ce jika arba'in ke nan.
Gilashin baya ya sauka rabi, ya yi taurin kai.
A tudu, mu huɗu a ciki, ta yi nishi,
na riƙe numfashina kamar yadda nake hana mata su riƙe,
sai ga ta ta hau.
Kawu ya ce: ta tsufa, amma ba ta da mugun hali.
Dabbar da ke nuna maka inda ke mata ciwo, ita ake saye.

Miliyan biyu da rabi, in ji Asumana.
Kawu ya miƙe yana neman takalmansa.
Sau uku yana miƙewa.
Aka tsaya a biyu ba jika ɗari,
bayan Arzika ya karanta lambar jikinta harafi harafi
ni kuma ina bi da yatsa a takardar duwan.

Yau wata bakwai.
Sau ɗaya ta mace mini, batir ne, yara suka tura.
Gilashin na nan yadda yake.
Daren wata Laraba na kwantar da kujerun baya,
na shimfiɗa tabarma, muka ɗauko wata ƴar Bambai,
mijinta na riƙe da ledar ƙarin ruwa ta taga,
muka iso da mutum biyar, da huɗu muka taso.

Kawu in ya zo gaisuwa, ba ni yake fara tambaya ba.
Sai ya zagaya ta, ya dafa mata baya,
ya ce: kin dai ba ta ruwa da safe?