Talatar Mai Zuma

Ƙarfe tara na safiyar Talata
nakan kankare kakin zuma daga yatsuna,
in jingina waya jikin kwalbar gishiri,
in jira fuskar Nuša ta ɓullo daga Ljubljana,
ni kuwa ina nan ƙarƙashin duwatsun Bohinj,
dusar ƙanƙara ta kai gwiwa a bakin ƙofa.

Jikata Zala ce ta haɗa mu.
Na ce mata, ni Vinko Rozman, shekara sittin da uku,
ban taɓa kai wa baƙo kukana ba,
balle baƙon da ke cikin gilashi.
Ta ce, Kaka, ai ƙudan zumar ma sun gaji da shirunka.

Amya goma sha bakwai gare ni a bayan gida.
Shekara tara ke nan ina sayar da abin da ban isa in lasa ba,
sai cikin dare, in sukari ya faɗi,
gumi ya jiƙa matashi, hannu yana rawa,
Majda ta ɗura mini cokali ɗaya a tsaye.
Zumar da na tashi da ita tun ina rarrafe
yanzu ɗanɗanon tsoro gare ta.

Makon farko maganar yanayi muka yi.
Na biyu ta tambaye ni
sau nawa ciwon ke faɗo mini a rai a yini.
Na ƙirga mata da wake cikin aljihu.
Kafin azahar aljihu ya cika.

A na huɗu bakina ya suɓuce.
Na ce na jefa na'urar gwaji cikin tsohon takalmi,
kwana goma sha ɗaya ban huda yatsa ba,
don na gaji da alƙalin da ke yanke mini hukunci
tun ban wanke ido ba.
Na ce ubana da ƙafa ɗaya aka binne shi,
kuma kowane dare nakan saci madubin Majda
in leƙa tafin ƙafata kamar mai neman ɓarawo.
Da na ɗaga kai, ashe layi ya yanke,
fuskarta ta daskare, baki a ɗan buɗe.
Hoto na yi wa bayani.
Da ta dawo ta ce in maimaita.
Na biyun ya fi nauyi,
amma ya fita.

Ba ta ce in yi haƙuri ba.
Kunnena ya ƙoshi da wannan.
Ta ce, in ka ɗora amya a ma'auni tsakiyar sanyi
ka ga nauyi ya ragu, zagin ƙudan kake yi?
Na ce a'a, abinci nake sa musu.
Ta yi shiru.
Na ji haushin shirun har Alhamis.

Yanzu a littafin amya nake rubuta lambobin,
shafi ɗaya da nauyin zuma:
amya ta shida ta ragu kaɗan,
Vinko sha huɗu da ɗigo biyu, ya ci burodin Majda jiya,
babu wanda aka ɗaure.
Mun yi yarjejeniya da ita ma:
ina kwana tukuna,
sannan ta tambayi nawa.
Takan manta. Nakan yi tsawa. Mukan sake.

Ciwon bai tafi ko'ina ba.
Shekaranjiya na zauna bakin gado da allura a hannu
har shayi ya huce.
Na rubuta wannan ma, in nuna wa Nuša.

Yau Talata. Saura minti shida.
Na fita na kara kunne jikin amya ta shida,
ƙasa-ƙasa suna guna,
sun dunƙule wuri ɗaya suna ɗumama juna.
Na dawo, na kaɗe takalmi,
na matso da kwalbar gishiri.