Jakar Waɗanda Ba a Sani Ba

Bappa ya bar mini shago a Herwagana,
da labule mai zanen jirgin sama,
da kwali tara na hotuna
waɗanda masu su suka ce, "Gobe zan zo,"
goben kuwa ba ta zo ba.

Na bi da su ɗaya-ɗaya ta sikana.
Kwamfuta ta raɗa musu suna
babu rago, babu goro:
dubu huɗu da ɗaya, dubu huɗu da biyu.
Da liman, da amarya, da ɗan sanda mai gashin baki,
ba ta bar wa kowa sunan yanka ba.

Sai na buɗe manhaja na soma rabo.
Jakar biki daban, ta suna daban,
ga ta 'yan makaranta masu hoton fasfo,
kunnuwa a waje, wuya a sandare,
an ce kada su yi dariya, har yau ba su yi ba.

Ina liƙa lakabi
kamar mai rubuta suna a buhun wake
kafin a loda a Tashar Dukku:
Bolari. Kafin kwalta. Damina.
Shekarar da Gombe ta zama jiha.
Hoto ɗaya ya ɗauki biyar, bai ce ya gaji ba.

Manhajar akwai karambani.
Takan zana ɗan akwati a kan kowace fuska
ta ce mini, wane ne wannan?
Har randar da ke bayan wata mata ta kewaye,
wai ita ma a faɗi sunanta.
Ni da na buɗe ido na tarar da hoto mai kala,
rabin mutanen nan ban taɓa gaishe su ba.

Na ɗauko Goggo Dudu a Keke Napep.
Yana ta ci mata ido ɗaya.
"Ƙara masa girma," in ji ta. Na ƙara.
Ba fuska take dubawa ba, zane take karantawa.
"Wannan ankon bikin Hammayo ne.
Wannan Laraba ce, matar direban siminti.
Wancan mai agogon ya ci bashin Bappanka."
Na ce, in rubuta?
Ta ce, "Rubuta ya rasu.
Sauran ba na kwamfuta ba."

Bayan isha'i, janareto na tari,
na kai kan wani saurayi da ya jingina da Basfa.
Akwati ɗaya ya sauka a fuskarsa.
Na biyu, ƙarami kamar ƙwayar gero,
ya sauka cikin madubin babur ɗin.
Wani ne a ciki, ido ɗaya a rufe,
kyamara ta cinye masa rabin kumatu.
Manhaja ta ce: Gidado ne?
Sunana ke nan,
ni kuwa a lokacin ba a haife ni ba.

Shekara talatin da ɗaya yana cewa a ɗaga haɓa,
a matso, a daina ƙifta ido,
bai taɓa zagayowa gaban labulen ba.
Ga E, ga A'a, ga yatsana a kan linzami.
Na daɗe.
Sannan na goge sunana na rubuta nasa,
Hammadikko mai hoto,
harafi-harafi, ban bar na'ura ta ƙarasa mini ba.

Saura fuska ɗari shida da sha biyu
a jakar waɗanda ba a sani ba.
Kowace Juma'a nakan wanke ashirin
in manna a jikin ƙofa.
Jiya wani tsoho mai sayar da rake
ya tsaya har ƙudaje suka gane barrowarsa.
Ya nuna wata yarinya mai kitson shuku,
ya ce, "Nawa ne?"
Na ciro na asalin daga kwali na bakwai, na juya.
Ga rubutun Bappa da jan biro:
Ya biya. Bai karɓa ba.